Wannan fam 1,717 ɗin ba shi ne iyakar bil ɗinki ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da zuwa ƙasar sanyi, Birtaniya. Na ga tambayarki, kin ce kin ji a labarai an sa iyakar kuɗin wuta da gas fam 1,717 a shekara a Oktoba 2024 amma ke kamfani yana cire miki fam 210 duk wata, wato 2,520 kenan a shekara, kina tambaya ko cutarki suke yi. Zai iya yiwuwa akwai kuskure a lissafinsu, zan zo kan wannan, amma abu na farko dai wannan adadin da ake ta yayatawa ba shi ne ƙarshen abin da gida zai biya ba, kuma wallahi yadda 'yan jarida ke faɗarsa ne yake rikita mutane, har turawan ma da yawa haka suka ɗauka.

Hukumar Ofgem, mai kula da kamfanonin wuta da gas, ita ce ke sa iyakar, ta shafi Ingila da Sikotilan da Wales, Arewacin Ailan nasu tsarin daban ne. Abin da take ƙayyadewa guda biyu ne, farashin kowane yunit ɗaya da kika sha, da kuma kuɗin da ake caji kullum ko kin kunna ko ba ki kunna ba. Kamar a ce kada a sayar da mudun shinkafa sama da kaza ne, mai gidan da ke cin mudu goma ai ba zai biya daidai da mai cin biyu ba. A iyakar Oktoba 2024, matsakaicin farashi ga masu biya ta cirar banki shi ne yunit ɗin wuta kwabo 24.5, na gas kwabo 6.24, sai kuɗin kullum na wuta wajen kwabo 61 na gas wajen kwabo 32. To sai suka ɗauki wani gida na misali da ke shan yunit 2,700 na wuta da 11,500 na gas a shekara suka buga lissafi, shi ne ya ba da 1,717. Ke kuma kin ce ku shida ne a tsohon gida mai ɗaki uku. In aka ce kuna shan gas 18,000 da wuta 4,300, da wannan farashin dai da ba a karya doka ko kaɗan ba, za ki tashi a wajen fam 2,500. Kin ga har an iso inda kike.

Ina ganin abin da ke ƙara ruɗa mu mutanen gida shi ne a Najeriya da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sa iyaka a 2020, ta sa ne a kan yawan yunit ɗin da za a iya rubuta wa wanda ba shi da mita, to sai mutum ya zo da tunanin iyaka ai jimilla ce. Nan ba haka ba ne.

Ni abin da ya fi ƙona min rai ma kuɗin kullum ɗin nan ne. Ki haɗa na wuta da na gas, a farashin Oktoba 2024 ya kai wajen fam 338 a shekara kafin ki kunna ko ƙwan fitila ɗaya, mu ka tafi gida hutu muka rufe komai muka dawo muka tarar yana nan yana ƙirgawa. Mai ƙaramin ƙarfi da ke ta ƙoƙarin tsimi shi ya fi jin wannan, don duk tsiminsa ba ya taɓa wannan ɓangaren. Kuma ya bambanta daga yanki zuwa yanki, na wuta a Landan ya fi sauƙi, mutanen Libaful da arewacin Wales sun fi biya da yawa, saboda haka kar ki gwada takardarki da ta ƙawarki da ke wani gari ki ce an cuce ki.

Da muka zo ba haka abin yake ba fa. An fara wannan tsarin a Janairun 2019 don kare waɗanda ba sa canza kamfani, ana barinsu a kan tsari mai tsada, lokacin iyakar can sama take kuma duk mai wayo yana samun abin da ya fi ta araha. A Oktoban 2021 tana 1,277. Sai gas ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, ƙananan kamfanoni kusan 30 suka durƙushe saboda suna saye da tsada doka kuma ta hana su sayarwa sama da iyaka, namu ma yana ciki, kawai wasiƙa muka gani an mayar da mu wani kamfani. Afrilun 2022 ta koma 1,971, ga yaƙin Yukiren, aka sanar da 3,549 na Oktoba, mutane suka shiga tashin hankali, shi ne gwamnatin Liz Truss ta shigo ta ce gidan misali zai tsaya a 2,500 ita za ta cike sauran, aka kuma rage wa kowane gida fam 400 a wancan hunturun. Har a lokacin ma 2,500 ɗin ba jimilla ba ce, mu mun biya fiye da haka nesa ba kusa ba. Tun daga nan ake sauya iyakar duk wata uku, Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba. Kuma kuɗin kamfanonin da suka mutu ɗin nan a bil ɗinmu aka zuba shi, shi ya sa ni ban ɗauki iyakar a matsayin rahusa ba, tana dai hana kamfani ya ɗora riba yadda ya ga dama ne, in gas ya hau ita ma hawa take yi, jinkiri kawai take yi.

Yanzu kan naki. Fam 210 ɗin da ake cirewa ba bil ba ne, ƙiyasi ne suka yi na shekara suka raba 12, da bazara kuɗi ya taru miki da hunturu a cinye. Ki shiga manhajarsu ki duba ko akwai rarar kuɗi a asusunki, in ta yi yawa kina da haƙƙin cewa a dawo miki da ita ko a rage cirar. Sannan ki duba karatun mitar da ke takardar, na gaske ne ko na ƙiyasi. Mu a gidan da muka taɓa zama kamfani ya yi ta caje mu da yadda mutanen da suka tashi ke sha, su kuwa sun fi mu yawa, sai da na tura hoton mita da takardar haya mai ranar shigarmu sannan aka gyara aka dawo da kuɗi. In mitarki ba mai tura karatu da kanta ba ce ki riƙa turawa duk wata, musamman ranar ƙarshe kafin farashi ya canza. In suka yi sakaci ba su caje ki daidai ba, doka ta hana su dawowa su nemi na abin da ya wuce wata 12, muddin ba ke kika hana su karanta mitar ba. In kin kai ƙorafi mako 8 ba a warware ba akwai Energy Ombudsman, ofishin da ke sasanta ƙorafi tsakanin mutane da kamfanonin wuta da gas, kyauta ne.

Ki tabbatar ma kina ƙarƙashin iyakar tukuna. Wanda ya sa hannu a kan tsayayyen farashi na shekara ba ya ciki, haka masu zama a benen da ake dumama shi daga tukunya ɗaya ta gaba ɗaya. Ni a ra'ayina in kika samu tsayayyen da ya yi ƙasa da iyakar yanzu kuma kuɗin da ake caji in kika fita kafin wa'adi ba shi da yawa ki karɓa ki huta da fargabar kowane wata uku, amma ki gwada farashin yunit da na kullum, kar ki bi kuɗin wata-wata da suke nunawa da manyan baƙi. Masu jira takarda ta zo sannan su biya sun fi kowa biya da tsada.

Sai maganar ɗabi'unmu, a nan kuɗin ke tafiya. Wuta ta ninka gas kusan sau huɗu a tsada, amma za ka ga mutum ya kashe dumamar gas wai yana tsimi ya jona ƙaramar hita ta lantarki, wadda in mai kilowat 2 ce tana cin kusan kwabo 49 a awa a farashin Oktoba 2024, awa shida kullum kusan fam 90 kenan a wata a ɗaki ɗaya tak. Injin busar da kaya da shawa mai lantarki su ma haka. Ga girkinmu na wake da ganda da ƙafar sa da ke kwana a wuta, tukunyar fresha ta rage mana sosai. Mu muna barin gidan a digiri 18 zuwa 19, yara su sa suwaita da safa, labule mai kauri, a toshe ƙasan ƙofa. Amma don Allah kar ki kashe dumama gaba ɗaya ga ƙananan yara, bango zai yi baƙin fumfuna ki koma jigilar asibiti da tari.

Tallafin fam 150 na Warm Home Discount, wato ragin kuɗin wuta na hunturu, yawanci yana haɗe da karɓar tallafin gwamnati ne, in bizarki ta hana ki wannan kar ki sa rai sosai. In biya ya gagara ki kira su da wuri ku tsara biya kaɗan-kaɗan, wajibi ne su duba ƙarfinki, ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice ma suna taimakawa kyauta.

Ki turo mana yawan yunit ɗin wuta da na gas na shekara da ke takardarki da farashin da suka rubuta, ki rufe suna da adireshi da lambar asusu, sai mu buga lissafin tare mu ga ko 210 ɗin ta dace.