Ya shaƙe ni, 'yan'uwa kuma suna ta ba ni haƙuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan mijina yana dukana. Shekaranjiya ya shaƙe ni har na ga duhu-duhu, yanzu muryata ta dishe. Ina da yara biyu, 'yan'uwa kuma sai haƙuri suke ba ni. Ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da wannan azaba. Laifin ba naki ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun nuna kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i.

Shaƙewar nan ce ta fi tayar mana da hankali, domin hannun da ya kai maƙogwaro bai yi nisa da kisa ba. Ki je asibiti yau, ko da wuyan babu tabo. Jijiyoyin jini da maƙogwaro kan ji rauni ta ciki, kumburi kuma kan taso bayan kwana ɗaya ko biyu. Dishewar murya, wahalar haɗiyar yawu, jiri, jajayen ɗigo-ɗigo a farin ido, duk alamu ne na haɗari. Ki faɗa wa likita ƙarara cewa shaƙe ki aka yi, ki roƙi a rubuta a kati, don takardar za ta zama shaida a kotu. In ya tilasta miki kwanciya, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5.

Ki ɗauki hoton raunukan, ki sake ɗauka bayan kwana biyu, lokacin da jinin da ya taru ya fito sosai. Ki tura wa wadda kika amince da ita, sannan ki goge daga wayarki.

Kada ki yi masa barazanar tafiya. Lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari, saboda a nan yake jin iko yana kuɓuce masa. Ki shirya a ɓoye: katin shaidarki, takardun haihuwar yara, magani, ɗan kuɗi da lambobin waya a rubuce a takarda, duk a ajiye su a wajen gidan. Ku tsayar da wata kalma ke da maƙwabciya, wadda da ta ji ta za ta kira 'yan sanda. Rigima in ta tashi, ki kauce wa ɗakin girki saboda wuƙaƙe, da banɗaki saboda ba shi da mafita, ki matsa kusa da ƙofar fita. Ki kuma kashe abin da ke nuna inda kike a waya.

A asibitin, ki nemi ganin ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Ki tambaye ta gidan fakewa na mata da ke karɓar uwa da 'ya'yanta, da lauyoyin da ke tsaya wa mata kyauta, waɗanda za su nema miki umarnin kotu na hana shi kusantarki.