Amsa Ga Ƙanena Mai Son Zuwa Hungari

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga hotunan Budapest, babban birnin Hungari, a Facebook, ginin majalisa a bakin Kogin Danube fitilu ko'ina, kana so in nuna maka hanyar tallafin karatu, in ka samu shiga kuma sai ka zarce Jamus. Maganar nan ta ƙarshe ita ta ɓata mini rai. Takardar zaman da za a ba ka ta karatu ce a Hungari. Za ka iya leƙa Ostiriya ko Jamus da ita a matsayin baƙo, tunda ƙasar tana cikin Schengen, yankin ƙasashen Turai da ake shiga juna ba binciken iyaka, tun 2007, amma ba za ka yi aiki da ita a can ba. Na san yaran da suka tsallaka da wannan lissafin, yau ba tsuntsu ba tarko.

Tallafin Stipendium Hungaricum gaskiya ne, tun 2013 gwamnatinsu ke bayarwa, kuma a tsakiyar Janairu ake rufe nema. An ɗauke maka kuɗin makaranta, ga wurin kwana. Amma abin da ke shiga hannun mai karatun digiri na farko ko na biyu forint 43,700 ne a wata, kuɗin ƙasarsu, ba yuro ba. Da ƙyar yake kai mutum ƙarshen wata ko da shi yake girkinsa. Don Allah kada ka yi wa Hajiya alkawarin aike.

Abinci kuwa sai ka buɗe ido. Kitsen alade yana shiga miyarsu, yana shiga wasu burodinsu, har gulyás, farfesun da suke alfahari da shi, duk da naman sa ne, da yawa da wannan kitsen suke soya albasarsa. Na sha tsayawa a kanti da waya a hannu ina fassara bayan kwali, layi yana jirana a baya. A Budapest akwai mahautan Turkawa da Larabawa, a ƙananan garuruwa sai ka nema. Harshensu kuma ba ya kama da Jamusanci ko na maƙwabtansu, danginsa suna can Finland da Estoniya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne neman gidan haya. Mun gama magana da wani mai gida a waya lafiya lau, da ya buɗe ƙofa ya ga fuskata sai ya ce an riga an kama. Na daɗe da wannan a zuciya. Da na karanta tarihinsu na gane inda tsoron baƙo ya samo tushe, ko da yake ban ɗauke shi uzuri ba. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta ci su da yaƙi a garin Mohács a 1526, ta riƙe Buda, wani ɓangare na Budapest ta yau, daga 1541 zuwa 1686. A 1920 yarjejeniyar Trianon ta yanke musu kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarsu, har yau suna maganar kamar jiya aka yi. A 1956 tankokin Sobiyet suka murƙushe borensu. A 2015 su da kansu suka ja shingen waya a iyakar Sabiya.

In Allah ya kawo ka, ka je birnin Pécs. A tsakiyar gari akwai masallacin Gazi Kasim Pasha wanda ya koma coci, mihrabinsa yana nan, a saman ƙubba gicciye ne bisa jinjirin wata. Na tsaya a ciki jikina ya yi sanyi. Gaba kaɗan kuma akwai masallacin Jakovali Hassan da hasumiyarsa tsaye.

Ni dai na gama digirina a can da gumina, cikin hunturun da duhu ke rufawa tun ƙarfe huɗu na yamma, kuma ba wanda ya rubuta mini ko layi ɗaya. In karatun kake so tsakani da Allah, ka sabunta fasfo, ka haɗa sakamakon jarrabawarka, ka turo mini in duba kafin Disamba. Ka gaida Hajiya da kyau.