Wane Gandun Daji Zan Je, Kuma Me Zan Saya Kafin Tafiya?

Tambayoyin wannan makon duk a kan gandun namun daji suke. Na taƙaita wasu daga cikinsu saboda tsawo.

Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara kuɗi don in kai uwargida da yaranmu biyu su ga namun daji da idonsu. Kwana bakwai ne hutuna. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya kawo min tsarin zagaya gandu huɗu a Kenya da Tanzaniya cikin kwanakin nan, wani abokina kuma ya ce in nufi Kruger kawai. Wanne zan ɗauka? — Wani magidanci

Wa alaikumus salam, Malam. Tsarin gandu huɗun nan ka ajiye shi gefe. A takarda yana da kyau, amma ka ƙirga safiya nawa za ku wayi gari a cikin daji ba a kan hanya ba. Zaki da damisa da kura da asuba suke yawo, sai kuma da la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana. Da rana ta take, kowa ya nemi inuwa ya kwanta. Duk ranar da za ku sauya gandu, safiyarta a ɗaure kaya za ta tafi, yammacinta kuma a gajiye za ku isa masauki. Daga birnin Arusha zuwa tsakiyar gandun Serengeti, duk a Tanzaniya, kaɗai kusan wuni ake yi a mota. Gandu ɗaya ko biyu, kwana uku ko huɗu a kowanne, shi ne abin da kuɗinka ya cancanta.

Zaɓi tsakanin Serengeti da Kruger kuwa ya danganta da watan hutunka da kuma ko kana son riƙe sitiyari da kanka.

Serengeti ta zama gandun ƙasa a 1951, faɗinta ya kai kusan murabba'in kilomita 14,750, yawancinsa fili ne fetal. Abin da ya fito da sunanta shi ne ƙaurar nyumbu, dabbar nan mai gemu da ƙaho irin na sa, waɗanda yawansu ya haura miliyan ɗaya, tare da dubban ɗaruruwan jakunan dawa da bareyi. Ruwan sama suke bi. A wajen Fabrairu suna kudu, a filayen Ndutu, suna haihuwa, kuma a 'yan makonnin nan ne zakuna da kuraye ke samun abinci a sauƙaƙe. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa, suna tsallaka kogin Mara inda kadoji ke jiransu. Kuskuren da ke cinye kuɗin mutane shi ne kama masauki a kudu a watan Agusta, ko a arewa a watan Fabrairu. Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi kamfanin a wane ɓangaren gandun masaukin yake, ka gwada da watan tafiyarka. Kuma kada kowa ya yi maka alkawarin ranar da za a tsallaka kogi. Garken na iya taruwa a bakin ruwa tun hantsi, ya juya ya koma ba tare da ko ɗaya ya jiƙa kofato ba.

Kruger na arewa maso gabashin Afirka ta Kudu. Asalinsa keɓaɓɓen dajin Sabi ne na 1898, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1926, kuma ya fi Serengeti girma, kusan murabba'in kilomita 19,500. Bambancinsa shi ne an tsara shi don mai tuƙa kansa. Manyan hanyoyin da kwalta suke, ƙaramar motar haya ta ishe ku, akwai sansanonin kwana masu shinge kamar Skukuza da Satara da Lower Sabie, da ɗakuna masu wurin girki da kantin sayayya. Gudu ba ya wuce kilomita 50 a awa a kan kwalta, 40 a kan burji, ana rufe ƙofar sansani da faɗuwar rana, kuma ba a fita daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Ka tuna a hannun hagu ake tuƙi a can. Lokacin da ya fi shi ne Mayu zuwa Satumba, ranin hunturunsu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, ganye ya zube, dabbobi suka tattaru a bakin ruwa.

Ga mai yara da kuɗi ƙidayayye, Kruger nake ba da shawara. Idan yaro ya gaji ka juya sansani ba tare da neman izinin baƙin da kuka haɗa mota ba. Idan kuka ci karo da garken giwaye a mashaya, ka kashe inji ku zauna awa guda, babu direban da zai ce lokaci ya ƙure. Abin da ka rage na kuɗin mota da direba, ka sa wani ɓangare a fitar dare da ma'aikatan gandun ke shiryawa, don a nan ne ake ganin abin da ke ɓuya da rana. Hukumar gandun tana buɗe rajistar ɗakuna wata goma sha ɗaya kafin lokaci, kuma masu kallon kogi su ke fara ƙarewa. Kuɗin shiga kullum ake biya a kan kowane mutum, don haka ka lissafa ko katin shekara na iyali da ake kira Wild Card zai fi muku sauƙi. Duka gandun biyu akwai zazzaɓin cizon sauro, ku ga likita kafin tafiya.

Abu ɗaya zan so ka gaya wa yaran a hanya. Waɗannan dazuzzukan ba kufai aka tarar ba. An fitar da makiyayan ƙabilar Masai daga Serengeti a 1959, an kuma tashi mutanen Makuleke daga arewacin Kruger a 1969, sai a 1998 aka mayar musu da mallakar ƙasarsu. Idan ka sami masauki ko ɗan jagora da kuɗinsa ke komawa ga al'ummar da ke gefen gandu, ka fifita shi.

Kuɗin da ya rage min bayan tikiti ba zai sayi babbar kamara da madubin hangen nesa a tare ba. Wanne ya fi muhimmanci? — Wata malamar makaranta

Malama, madubin hangen nesa, ba tare da wani kokwanto ba. Damisar da ke kwance a reshe nesa da hanya, da ido tsirara tabo ne kawai a jikin itace. Da madubi za ki ga jelarta na lilo, ki ga barewar da ta rataye a gefenta. Kamara mai dogon gilashi tana buƙatar koyo na watanni, kuma wanda bai saba ba yakan ƙare tafiyarsa yana danne-danne alhali abin kallo na wucewa. Wayarki ta isa ta ɗauki giwa da raƙumin dawa da faɗuwar rana.

Ki nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu ninki takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, wato yawan hasken da yake tattarawa, abin da ke da amfani da asuba da magariba. Mai lamba 10 ya fi kusantowa, amma rawar hannu da girgizar mota sun fi bayyana a cikinsa, kuma fagen da yake nunawa ya fi ƙunci. Idan nauyi na damunki, 8x32 ya wadatar. Ki guji masu gilashi ja mai ƙyalli da masu alkawarin ninki hamsin ko ɗari a farashi ƙanƙani, araha ba ta ado. Ki zaɓi wanda ruwa da ƙura ba sa shiga. Tunda kina iya zama mai sa tabarau, ki gwada shi da tabaran a fuskarki, ki tabbatar kina ganin da'irar gaba ɗaya. Idan ku biyu ne, ƙanana biyu masu kyau sun fi babba ɗaya da za a riƙa miƙa wa juna.

Burina in ga gorilar kan dutse. Ruwanda ko Uganda? Kuma anya awa ɗaya ta cancanci wannan kuɗin? — Wani ma'aikacin banki

Ɗan'uwa, ta cancanta, in dai ba bashi za ka ci ba. Wannan dabba ba a samunta ko'ina a duniya sai wuri biyu: duwatsun Birunga da Ruwanda da Uganda da Kwango suka haɗa, da dajin Bwindi na Uganda. Ƙidayar da aka kammala a 2018 ta nuna sun ɗan haura dubu ɗaya, kuma a shekarar ce aka sauke su daga matakin mafi tsananin barazanar ƙarewa zuwa na ƙasa da shi. Kuɗin takardar izinin da baƙi ke biya yana cikin abin da ya kawo wannan, don da shi ake biyan masu sintiri da masu bin sawun kowane iyali kullum. Ruwanda na ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandunta ke samu ga ƙauyukan da ke kewaye.

Ƙa'idar kusan ɗaya ce a ƙasashen biyu: mutum takwas ga iyalin gorila ɗaya a rana, awa ɗaya tare da su, babu ɗan ƙasa da shekara 15. Mai mura ko tari za a iya hana shi shiga, domin cututtukan numfashinmu na kama su, suna kuma kashe su. Wannan dokar ina bayanta ɗari bisa ɗari, ko da kai ne ta faɗa wa.

Takardar Ruwanda ta kusa ninka ta Uganda tsada ga baƙo na waje, amma gandunta na Volcanoes tafiyar awa biyu zuwa uku ce daga Kigali, kwana biyu sun ishe ka. Bwindi wuni guda ne a mota daga Entebbe, dajin ya fi duhu da santsi da hawa. Mai ƙarancin lokaci ko ciwon gwiwa ya nufi Ruwanda. Mai ƙarfi a jika da kwanaki a hannu ya nufi Uganda, ya haɗa da gandun Queen Elizabeth a hanya. Ka duba farashin da hukumomin suka ware wa 'yan ƙasashen Afirka kafin ka biya na kowa da kowa, kuma ka sayi takardar daga hukuma ko kamfani mai rajista, watanni kafin tafiya. Birunga ta ɓangaren Kwango, wadda aka kafa a 1925 kuma ita ce gandun ƙasa na farko a Afirka, tana cikin yankin rikici, an kashe ma'aikatanta fiye da 200 a bakin aiki. Ba zan tura kowa can yanzu ba.

Kayan saye kaɗan ne: takalmi mai riƙe idon sawu wanda ka riga ka saba da shi, rigar ruwa, safar hannu mai kauri saboda ganyaye masu ƙaiƙayi. Ka ɗauki ɗan dako a bakin dajin ko da jakarka ba nauyi. Zai riƙe hannunka a gangare, kuma ladansa abinci ne ga gida guda a ƙauyen da ke zaune kafaɗa da kafaɗa da gorilar.

Ina karatu a Amurka, ina da hutun kwana huɗu a watan Maris. Zan iya zagaya Yellowstone? — Wata ɗaliba

'Yata, ki ɗage zuwa ƙarshen Mayu ko Satumba. Yawancin hanyoyin gandun a rufe suke ga motoci daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu saboda dusar ƙanƙara, a Yuli da Agusta kuma cunkoso ne, don baƙi sukan haura miliyan huɗu a shekara.

Shi ne ake ɗauka gandun ƙasa na farko a duniya, Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokarsa ranar 1 ga Maris, 1872. A kan wani katafaren dutse mai aman wuta yake zaune, shi ya sa kusan rabin maɓuɓɓugan duniya masu tsartuwar ruwan zafi a can suke. Wadda ake kira Old Faithful a cikinsu na tsartuwa kusan duk awa ɗaya da rabi, ana kuma liƙa hasashen lokacin. Ki ba wannan ɓangaren kwana ɗaya, ki tsaya a kan gadojin katako, don ƙasar gefensu ɓawo ce kawai a kan tafasasshen ruwa. Sauran kwanakin ki kai su kwarin Lamar da asuba. Ɓaunar Amurka da ta ragu zuwa 'yan ashirin da wani abu a gandun a 1902 yanzu dubbai ce, kyarkeci kuma da aka ƙarar a shekarun 1920 an dawo da shi daga Kanada a 1995. Doka ta ce mita 23 tsakaninki da ɓauna, mita 91 tsakaninki da beyar ko kyarkeci. Ɓauna na kama da marar kuzari, amma ta fi mutum gudu ninki uku. Maganin feshin korar beyar ba a shiga jirgi da shi, ki saya ko ki yi haya idan kin isa.

A wata kasuwar tsaraba an nuna min abin hannu na hauren giwa, mai shi ya ce tsoho ne na gado, babu laifi. In saya? — Wata hajiya

Hajiya, kada ki saya. Tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, kuma "tsoho ne" ita ce maganar da kusan kowane mai sayarwa ke yi, ke kuwa ba ki da hanyar tantancewa. Jami'an kwastan za su iya ƙwace shi, har su gurfanar da ke. Gandun Zakuma na Chadi yana da giwaye fiye da 4,000 a 2002, zuwa 2010 ba su kai 500 ba, mahara a kan dawakai suka ƙarar da su saboda irin wannan abin hannun. Bayan ƙungiyar African Parks ta karɓi kula da gandun a 2010, sai da aka yi shekaru kafin giwayen da suka rage su natsu su koma haihuwa. Haka fatar damisa, da ƙwaryar kunkurun teku, da ɓawon kirikiri, duk ki bar su inda kika gan su. Kwando da dutsen ado da sassaƙen itace daga hannun matan da ke sana'a a bakin gandu, waɗannan ki cika jaka da su.