Wai da gaske mata ne suka tsayar da yaƙin Laberiya?

Tambaya: Salam Malam. Gardama ce ta haɗa ni da maigidana, na ji a rediyo an ce mata ne suka kawo ƙarshen yaƙin Laberiya ba tare da sun ɗauki ko sanda ba, shi kuma ya ce tatsuniya ce, wai in ana ruwan harsashi talaka bashi da abin yi sai addu'a da gudu. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata 'yar uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Toh ke da maigida kowa ya riƙe rabin gaskiya, amma rabin naki ya ɗan fi nauyi, sai dai kar ki je ki ce masa na ce kin kayar da shi.

Yaƙin ya faro ne a Disambar 1989 lokacin da Charles Taylor ya shigo da mayaƙansa ta iyakar Kwaddibuwa, aka yi ta gwabzawa, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1997, a 1999 wuta ta sake tashi, ƙungiyar 'yan tawaye ta LURD daga arewa, daga baya wata mai suna MODEL ta ɓullo daga kudu. Ana ƙiyasin mutum wajen 250,000 suka mutu a ƙasar da gaba ɗayanta bata kai yawan mutanen jihar Kano ba.

A cikin wannan halin ne Leymah Gbowee, wadda aikinta kula da waɗanda yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, har da yaran da aka ba bindiga, ta fara tara mata a coci suna addu'a. Sai wata 'yar sanda Musulma mai suna Asatu Bah Kenneth ta ce ai ba za a bar su a baya ba, ta je ta tattaro matan Musulmi. Kinga ashe addu'ar da maigida yake magana da ita aka fara, bambancin kawai basu tsaya a ɗaka ba. A 2003 suka fito da ita fili, wani fili kusa da kasuwar kifi a Monrovia babban birnin ƙasar, bakin titin da ayarin motocin Taylor ke bi. Farar riga, farin ɗankwali, ba kwalliya ba ɗan kunne, ta yadda ba ki gane matar mai kuɗi da mai tallan kifi. Rana ta dake su, ruwa ya dake su, gobe su dawo. Buƙatarsu kuma bata da tsawo: a tsagaita wuta, a zauna a tattauna, a kawo sojojin waje su shiga tsakani. Basu ce Taylor ya sauka ba, basu ce 'yan tawaye ne masu gaskiya ba, kuma ni a ganina nan ne wayonsu yake, don da sun karkata gefe ɗaya da tuni an musu tambarin 'yan adawa an watsa su.

A watan Afrilu Taylor ya yarda ya gana da su, suka sa shi ya yi alkawarin zuwa teburin sulhu. Aka buɗe zaman a Ghana ranar 4 ga Yuni, kuma mai shiga tsakani namu ne, Janar Abdulsalami Abubakar, ECOWAS ce ta ɗora masa aikin. Matan suka yi karo-karo suka tura wakilai, suka haɗu da 'yan gudun hijirar Laberiya da ke zaune a Ghana, suka ci gaba da zaman dirshan a ƙofar wajen taron.

Nan fa aka yi ta jan ƙafa. Mutumin da jiya yake daji yau ga shi a otal, ga abinci ga esi, me zai sa shi sauri? Sati ya bi sati ana cinikin wa zai samu wace kujera a gwamnatin riƙon ƙwarya, can Monrovia kuwa bama-bamai na sauka kan mutane. A watan Yuli haƙurin matan ya ƙare, su wajen 200 suka zauna a bakin ƙofar zauren suka sarƙe hannuwa, suka aika wa Abdulsalami takarda cewa babu wanda zai fita sai an cimma matsaya. Jami'an tsaro suka zo kama Leymah, ta ce to bari ta tuɓe musu, ta kama cire ɗankwali. A al'adarsu uwa ta tuɓe a gabanka da gangan baki ne babba, kamar yadda mu ma nan ba wanda ke son uwa ta ɗaga masa nono. Abdulsalami ya fito da kansa ya saurare su, bai sa an kore su ba, har aka daidaita suka buɗe hanya bisa sharaɗin za a daina wasa da lokaci. Ranar 18 ga Agusta 2003 aka sa hannu a yarjejeniyar Accra.

Yanzu ga rabin maigida. Ba zaman matan kaɗai ya yi aikin ba. LURD ta riga ta iso bakin Monrovia, kotun musamman ta Saliyo ta fitar da tuhumar Taylor a ranar da aka buɗe taron, Amurka ta ce ya tafi, sojojin Najeriya suka sauka a farkon Agusta, Obasanjo ya bashi mafaka, ranar 11 ga wata ya tattara sai Kalaba. Da babu waɗannan, wallahi ina jin da matan sun daɗe a filin nan. Abinda suka yi shi ne sun hana a ci gaba da fakewa da sunan jama'a, don kowane ɓangare cewa yake don talakawa yake yaƙi, to ga talakawan a bakin ƙofa, Musulmi da Kirista, sun ce basu aiki kowa ba.

Maganar ƙaurace wa mazajensu a shimfiɗa da 'yan jarida suka fi so, an yi ta, amma ita Leymah da bakinta ta ce bata canza wani abu sosai ba, hankalin kafafen labarai kawai ta jawo.

Ni abinda yafi burge ni ma bayan sa hannun ne, lokacin da kyamarori suka tafi. Da aka zo karɓar makamai a hannun mayaƙa matan suka shiga lallashin yaran, da yawa 'ya'yansu ne ko na maƙwabta. Da rajistar zaɓen 2005 ta zo suka ga matan kasuwa basa zuwa don ba mai tsare musu kaya, sai suka riƙa zama a rumfa suna jiran kayan, wata ma a riƙe mata jariri, har ta je ta yi rajista ta dawo. Zaɓen nan ne ya kawo Ellen Johnson Sirleaf, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka, kuma a 2011 ita da Leymah da Tawakkol Karman ta Yaman suka raba kyautar Nobel.

Na san daga Gusau kike rubutu, na kuma san abinda ke ranki. Kar ki ɗauki wannan ki ɗora kan namu kai tsaye, don su can akwai shugabanni sanannu masu neman mulki da teburi guda da za a tare wa ƙofa, mu kuwa dabobin 'yan bindiga ne barkatai a daji, ki yi sulhu da wannan wancan ya far miki. Ƙofar da za ki iya zama a bakinta ta waɗanda kuka zaɓa ce, da ta hakimi, kuma ko ita ba ke kaɗai ba, sai kun yi yawa kun kuma tsaya kan buƙata ɗaya ko biyu. Ki gaishe min da maigida, ki ce ina jiran tasa tambayar.