Ga 'yar'uwar da idonta ya yi ɗorawa

'Yar'uwa, da na ga kin ce idonki ya yi ɗorawa tunda kika haɗa maganin tarin tibi da namu na HIV, har kina tambaya ko ki ajiye duka ki koma maganin shawara, wallahi sai da gabana ya faɗi. Don Allah ki tafi asibiti yau, kafin ki sake haɗiyar na tarin. Kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.

Ni ma a watanni biyun farko ya same ni, lokacin da ake shan kala huɗu. Uku a cikinsu, isoniazid da rifampicin da pyrazinamide, duk suna iya taɓa hanta. Na koma na ce abinci ba ya shiga, ko ƙamshin miya na ji sai amai, ga ƙaiƙayi har na fasa jikina da susa. Matar da ke ba da magani ko ɗago kai ba ta yi ba. Wai kowa fitsarinsa yana ja, mun fiya raki. To rifampicin yana sa fitsari ja, gaskiya ne, amma ido fa? Da ta kalle ni sau ɗaya da ta gani. Na fito ina kuka, na kai har salla sai a zaune, yarana suna tsaye a kaina. Har yau abin yana ci min rai.

A wani asibitin aka yi min gwajin hanta. Ki ce su duba ALT da bilirubin, wato awon jini da ke nuna halin da hanta take ciki. Idan ya hau, likita zai tsayar da na tarin, in hanta ta huce a dawo da su ɗaya bayan ɗaya.

Namu kuwa kada ki tsayar da shi da kanki. An taɓa gwada ki ciwon hanta nau'in B? Tenofovir da lamivudine da ke cikin TLD, ƙwayarmu ta HIV, su ke danne shi, kina ajiyewa yana iya tasowa da ƙarfi. Jiƙo da sassaƙe ki bar su, ko wa ya kawo, hantar ce dai za ta sha wahalar tace su. Farasitamol ma haka. Ki kwashi duk abin da kike sha a leda, har Septrin da ake ba mu don kariya daga cututtuka, ki nuna musu.

Akwai mai raka ki? Idan a gida ba su san halin da kike ciki ba, ki yi min magana ta gefe mu san yadda za a yi. Allah ya ba ki lafiya.