Kakakin majalisa: daga bushe-bushen fada zuwa kujerar dokoki

Wani mai karatu daga Gusau ya aiko da tambaya: "Malam, me ya haɗa shugaban majalisar dokokin jiha da kakaki, abin busa? Ba kuskuren 'yan jarida ba ne?"

Ba kuskure ba ne, ɗan'uwa, zaɓe ne mai kyau. Kakaki dai doguwar ƙahon ƙarfe ce da ake haɗa sassanta, mai busa ya ɗaga bakinta sama, kumatunsa su cika da iska, ƙararta ta kai nesa ranar hawan sallah. Tarihin Kano ya lissafa ta cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada, tare da figini, wato maficin gashin jimina. Ba a busa ta don kowa, kuma abin da take faɗa ba nata ba ne: kirarin mai sarauta take isarwa. Daga nan Bahaushe ya ari sunan ya ba duk mai magana da yawun wani, shi ya sa muke jin kakakin rundunar 'yan sanda.

Muƙamin kakakin majalisa kuwa daga Ingila ya zo, kuma asalinsa ya yi daidai da wannan ma'ana. Tun wajen 1376 wakilan jama'a suke zaɓar mutum ɗaya ya kai wa sarki maganarsu, aiki mai haɗari idan saƙon bai yi wa sarki daɗi ba. A 1642 Sarki Charles na Ɗaya ya kutsa zauren majalisa yana neman wakilai biyar da yake son kamawa. Kakakin lokacin, William Lenthall, ya durƙusa ya ce masa ba shi da idon gani ko harshen magana a wurin sai yadda majalisa ta umarce shi.

A nan nake so ka lura da kyau. Tunda kakaki na da ubangida, wa ne ne ubangidan kakakin majalisar jiha? Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba da amsa a sashe na 92: 'yan majalisa ne ke zaɓarsa daga cikinsu, shi da mataimakinsa. Gwamna ba ya naɗa shi. Raina yana ɓaci idan na ga kakakin da ya mai da bakin ƙahonsa gidan gwamnati, domin ya ci amanar sunan da ake kiransa da shi. Dokar ma ta rage masa baki a zaure: ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, sannan ya raba gardama. Amma nauyinsa ba ƙarami ba ne. Idan kujerar gwamna da ta mataimakinsa suka zama babu kowa, shi ke riƙon jiha na tsawon da bai wuce wata 3 ba, kamar yadda Ahmadu Umaru Fintiri, kakakin majalisar jihar a lokacin, ya riƙe Adamawa a 2014 bayan tsige Gwamna Murtala Nyako.

Wata malama daga Zariya kuma ta ce ta ji wani ɗan majalisa yana cewa da kakakinsu "babba juji ne", tana so ta san ko zagi ne.

A'a, malama, lallashi ne. Cikakken karin maganar shi ne babba juji ne, kowa ya kwaso shara sai ya zuba masa. Ana faɗa wa magidanci ko mai unguwa don ya jure ƙorafin na ƙasa da shi. Majalisar jiha tana da wakilai tsakanin 24 zuwa 40, irin ta Kano mai cikakkun 40, kowa da jam'iyyarsa da buƙatar mazaɓarsa, kuma duk wanda aka hana magana kakaki zai ɗora wa laifi. Sai dai karin maganar bai ce babba ya fi ƙarfin hukunci ba. Wakilan da suka ɗora shi suna iya sauke shi, muddin kashi biyu cikin uku nasu suka amince da ƙudurin.