Yadda garuruwan bakin iyaka suka kafu a yammacin Amurka

Ka tambayi yadda aka kafa garuruwan yammacin Amurka, da dalilin da ya sa wasu suka bunƙasa wasu suka zama kufai.

Masu awon ƙasa na cikin waɗanda ke fara isa. Dokar da gwamnatin Amurka ta kafa a 1785 ta yanka ƙasa gida-gida, mil 6 kowane gefe, kowane gida da yanki 36, kowane yanki eka 640, aka ware yanki na 16 don makaranta. Wata dokar ta 1862 kuma ta ba magidanci damar karɓar eka 160 daga gwamnati, amma sai ya zauna ya noma ta shekara 5 kafin ta zama tasa. Ƙasar nan fa tana da masu ita, an kori 'yan asalin wurin ne daga mafi yawanta.

Mai kafa gari yakan yanka filinsa fuloti-fuloti, ya yi rajistar taswirar, ya fara sayarwa. Wani garin a yini ɗaya ya tashi: ranar 22 ga Afrilu 1889, kafin dare mutum wajen 10,000 sun kafa tantuna a Guthrie ta Oklahoma.

Ruwa da layin dogo su ne ran gari. In jirgin ƙasa ya bi ta wani wuri, ko da tazarar 'yan mil ce, ciniki ya koma can, har mutane kan ɗora gidajensu na katako bisa gungume su ja su da dawakai zuwa tasha. Rijiyar da aka haƙa kusa da masai takan jawo taifot. Shagunan katako kuma a manne suke da juna, shi ya sa gobara ɗaya ke cinye titi guda, sai a sake gini da bulo.